Robar Ranar Biki

"A cikin wannan robar dai ba zan kai masa ba, Mma."

Hajiya Barikisu ta tsaya da robar a hannu, tururin tuwon zafi yana fita ta gefen murfin. Da farko ta ɗauka kunnenta ne ya yi mata ƙarya. Ta aurar da 'ya'ya mata uku, ta je Makka sau biyu, ba a taɓa samun wadda ta miƙa wa abinci ta noƙe hannu ba, balle matar ɗanta.

"Me kika ce, Rahinatu?"

Rahinatu ta rusuna kamar yadda ta saba, amma hannunta na dama yana riƙe da wata langa mai murfi, ba ta kuwa ajiye ta ba. "Ga langa na kawo, Mma. Ki zuba masa daga tukunya, in ɗauka da hannu biyu."

"Karɓi ki kai wa mijinki abincinsa."

"Ki yi haƙuri, Mma. Ba zan karɓa ba."

Gidan babba ne, irin tsofaffin gidajen unguwar Maamobi, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, famfo ɗaya a tsakiya. A irin wannan gidan ko atishawa ka yi sai ka ji "yarhamukallah" daga ƙofa huɗu. Anti Zenabu, 'yar haya mai 'ya'ya bakwai, tana wanki a bakin famfo. Ta matse zanen da ke hannunta ta miƙe tsaye.

"Ei! Yau kuma boko ce ta tashi? Hajiya, ba ta langarta mana. Ƙila tuwon ma sai ya yi jarrabawa kafin ya shiga ɗakinsu."

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta juya ta shige ɗakinta da robar, ta saki labule.

Ita wannan roba ba baƙuwa ba ce. Shuɗiya ce mai murfi, Hajiya da kanta ta sa aka buga irinta da yawa aka raba wa mata ranar bikin Waris, ɗanta namiji tilo, da Rahinatu. A jikinta akwai hoton ango da amarya, a ƙasa an rubuta addu'ar Allah ya ba da zuri'a ɗayyiba. Shekara huɗu ke nan kullum da yamma Hajiya tana kwashe tuwo daga kan wuta ta zuba a ciki, ta malala miyar ganyen ayoyo mai zafi, ta aika ɗakin ɗanta. Zafi da soson wanki sun cinye rabin fuskar amarya, addu'ar ma ta koɗe, cikin robar ya yi ja da manja ya yi kaushi. Zuri'ar kuwa shiru.

A Maamobi idan aure ya shekara biyu ba a ji kukan jariri ba, cikin matar ake kallo. Ba mai kallon mijin. Balle Rahinatu da ta yi karatun gwaje-gwajen asibiti, tana aiki a ɗakin gwaji na wani ƙaramin asibiti a unguwar Madina ta gefen gari, tana tafiya kai a sama da farar riga a jaka. Mata suka yanke hukunci tun tuni: ko dai karatu ya busar mata da mahaifa, ko kuma tana shan wani abu a ɓoye.

Abin da ba su sani ba, watanni kaɗan kafin wannan yammacin Rahinatu ta ja Waris sun je ganin likita can nesa da unguwa, inda ba mai gane su. Aka gwada su duka biyu. Likitar ta ce Rahinatu lafiyarta ƙalau. Sannan ta juya wajen Waris ta sassauta murya, ta ce ƙwayoyin haihuwarsa sun yi kaɗan, waɗanda ke akwai ma ba su da kuzari. Ta ce dalilan suna da yawa, wani lokaci ma ba a gano ko ɗaya. Ta rubuta magani, ta ce ya rage zama wuri ɗaya da matsattsen wando. A ƙarshe ta ce su rage cin abinci mai zafi a roba da leda, domin akwai sinadarai a wasu robobin da zafi da maiƙo ke jawo su cikin abinci, kuma masu bincike suna zargin suna iya dagula tsarin haihuwa, na mace da na namiji.

"Zargi ne, ba a gama tabbatarwa ba," in ji likitar. "Amma kauce masa ba ya cutar da kowa."

Likitar ba ta san Maamobi ba.

Suka hau trotro, motar haya, har suka iso unguwar Nima. Nan Waris ya matso kusa da kunnenta. "Rahi, don Allah don Annabi, kada Mma ta ji. Kada kowa ya ji. In maganar nan ta fita, ba ni da fuskar shiga masallaci."

Ta dube shi, wannan mutum mai faɗin kafaɗa da yake gyaran wayoyi a kasuwar waya ta Circle, wanda in ya yi dariya har layin baya ake ji, ga shi ya koma kamar kazar da ruwa ya doka. Ta ce, "Na ji. Ba mai ji daga bakina."

Rahinatu ba ta iya yin abu rabi ba. A makon nan ta karanta duk abin da ta samu a kan robobi, ta haddace sunayen sinadaran kamar tana shirin jarrabawa. Ta kwashe duk robar abinci da ke ɗakinta ta mayar da su na zuba omo da ƙusoshi. Ta sayo langa da samira da kwalabe. Idan za ta sayi waakye, wato shinkafa da wake, sai ta ce a naɗe mata a ganye. Idan ta je wajen mai koko sai ta miƙa kofinta na ƙarfe, mai kokon tana dariya tana cewa, "Madam ta zo da kayan aikinta." Tuwon Hajiya kuwa, kullum sai ta karɓa ta ba yaran maƙwabta ta bayan gida, ta dafa wa Waris wani. Har ranar da ta ga wannan ɓoye-ɓoyen ya fi kama da sata, ta ɗauki langa ta je ƙofar Hajiya da kanta.

Washegari aka raɗa mata suna: Dakta Roba.

"Dakta Roba, ina kwana?" Anti Zenabu za ta ce, tana yage bakin ledar koko da haƙori. "Ni dai tun ina 'yar yarinya a leda nake sha. Kin ga abin da ya yi mini?" Sai ta nuna 'ya'yanta da suka yi layi a bakin famfo. "Da ban sha ba ƙila da sun kai ashirin. Allah ya saka wa leda da alheri, ta rage mini wahala."

Tsakar gida ta ɗauki shewa. Rahinatu ta ce, "Allah ya raya su, Anti," ta wuce aiki. Ita ma ta ƙirga su, bakwai ne cif.

Ta yi tunanin dabara. Da albashi ya shigo ta je kasuwar Nima ta zaɓo wata langa ta ƙarfe mai hawa uku, mai sheƙi kamar madubi, ta kai wa Hajiya a matsayin kyauta, tana fatan a riƙa zuba wa Waris a ciki. Hajiya ta juya langar ta duba gindinta, ta yaba ƙwarai, ta sa albarka. Sannan ta ciro mabuɗi daga bakin zanenta ta buɗe kabet ɗin gilashi, ta jera ta kusa da samirun aurenta da butar Makka, ta kulle.

"Mma, ai don a yi amfani da ita na kawo."

"Wannan? A zuba mata manja? Ke yarinya, abu mai kyau ba a cin abinci a cikinsa."

Da yamma robar biki ta fito kamar kullum. Rahinatu ta sake rusunawa, ta sake ƙi.

Duk da haka Hajiya ba ta daina nema mata magani ba. Daga wajen wata tsohuwa 'yar arewa aka kawo saiwoyi, daga garin Ashaiman aka kawo wani baƙin gari mai warin tsohon takalmi. Rahinatu ta riƙa karɓa tana dafawa a tukunyarta, tana toshe hanci tana shanyewa a gaban Hajiya, maganin ciwon da ba nata ba. Wani maganin ya sa ta gudawa har ta kasa zuwa aiki. Waris ya zauna a bakin gado yana yi mata fifita yana cewa, "Sannu, Rahi. Allah ya biya ki." Ta ce amin, tana jira ya ƙara wata magana. Bai ƙara ba.

Ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi, Hajiya ta aika aka kira Baba Inusah, ƙanin marigayi mijinta, tsohon ɗan sanda wanda har yanzu yake zama kamar yana jiran a kawo mai laifi. Aka shimfiɗa tabarma a ɗakin Hajiya. Waris ya zauna gefe, Rahinatu ta zauna kusa da ƙofa. A tsakiya aka ajiye robar biki cike da tuwo mai tururi. A bayan taga kuwa Anti Zenabu ta samu shara da ba ta ƙarewa.

"Rahinatu," in ji Baba Inusah, "ke 'yar Zango ce, ba baƙuwa ba. Kin san wanda ya mayar wa mutum da abincinsa, zarginsa yake yi. Yanzu unguwa ta ɗauka wai Hajiya tana zuba wa ɗanta wani abu."

Hajiya ta share ido da bakin mayafi. "Ni da na haife shi. Jiya a wajen suna wata ta janye jikanta da na miƙa masa pinkaso. Ni, Barikisu!"

Wannan ta taɓa Rahinatu, domin ba ta san abin ya kai nan ba. Ta ce, "Baba, wallahi ban taɓa zargin Mma ba. Tuwonta ya fi nawa daɗi, kowa ya sani. Robar ce matsalar." Ta yi bayanin zafi da maiƙo da sinadarai, a hankali, ba tare da ta sa Turanci da yawa ba.

Baba Inusah ya saurara har ƙarshe. "To, an tabbatar?"

"Ba a gama tabbatarwa ba, Baba."

"Ba a tabbatar ba. A wurin aikinmu in ba a tabbatar ba sakin mutum ake yi." Ya gyara hula. "Amma bari in bi ki a haka. A ce robar ce take hana ki haihuwa. To, ke ki daina ci. Shi Waris me ya shafe shi? Namiji ne. Don me za ki raba shi da tuwon uwarsa?"

Har tsintsiyar bayan taga ta tsaya.

Rahinatu ta dubi mijinta. Waris ya sunkuyar da kai yana nazarin saƙar tabarma kamar an ba shi ita ya gyara. Magana ɗaya ce a bakinta, gajeriya. In ta faɗe ta, gobe ba mai sake kallon cikinta, ba mai sake kawo mata baƙin gari, Hajiya da kanta za ta fasa kabet ta fito da langar. Ta ba shi lokaci ya ɗago. Bai ɗago ba.

"Miji da mata kwano ɗaya suke ci, Baba," ta ce.

"Wannan ba hujja ba ce, taurin kai ne. Ga hukuncina: ki sa hannu a robar nan ki ci loma ɗaya a gabanmu, ki ba mijinki ɗaya, magana ta mutu."

Ta san loma ɗaya ba za ta kashe kowa ba, ta fi kowa a ɗakin sanin haka. Amma ta san gidan. Lomar yau ita ce robar gobe da ta jibi, har ranar da Allah ya yi. Ban da haka, akwai wani abu a ƙirjinta da ya miƙe tsaye, ba ruwansa da sinadarai, wanda tun tana makaranta ba ya iya durƙusawa in an ce dole.

"Baba, a juye mini daga tukunya a samira, in cinye tukunyar duka a gabanku. A wannan dai ba zan ci ba."

Hajiya ta jawo robar gabanta ta danna murfin har ya yi ƙara. "Shi ke nan. Na janye kwanona daga ƙofarki."

Wanda bai san gidan Zango da azumi ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Da la'asar ta yi sanyi sai kwanuka su fara yawo. Masa ta fita daga wannan ɗaki, ƙosai ya shigo daga wancan, kunu, dabino, soyayyen cukun wagashi, zoɓon sobolo mai sanyi. Ba a mayar da kwano fanko, ko ƙwayar dabino uku ce sai an saka. Kafin a kira salla kowace ƙofa ta tara abincin gida goma. Hajiya ce uwar gidan, inda kwanonta ya daina zuwa, na sauran ma sai su manta hanya.

Ranar farko Rahinatu ta dawo daga aiki ta soya masa mai kyau, ta zuba a samira ta kai ƙofar Hajiya da ta Anti Zenabu da sauran. Bayan isha'i samirun suka dawo a wanke tas, an goge su har suna ƙyalli, babu ko ƙwallon dabino a ciki. Washegari ta sake kaiwa. Suka sake dawowa a wanke. Haka ta yi har watan ya ƙare, domin ta rantse ba za a ce ita ta fara dainawa ba. Waris a masallaci yake buɗa baki tare da maza. Ita kuwa takan zauna ita kaɗai da kofin ƙarfenta, tana jin ƙarar murafan robobi da dariya a tsakar gida.

Da Salla Hajiya ta ɗinka wa 'ya'yanta mata da matan gidan atamfa iri ɗaya, ban da Rahinatu. Rahinatu ta sa leshinta na bara, ta ɗaura ɗankwali ya fi na kowa tsawo, ta je ta durƙusa ta yi wa Hajiya barka da Salla. Hajiya ta amsa tana kallon bango.

Bayan Salla, wata Asabar da safe Waris ya fita da sauri ya manta da abincinsa. Rahinatu ta ɗauki langar ta hau trotro zuwa Circle. Ta kutsa cikin layin masu waya, masu kiran ciniki suna jan hannun rigarta, har ta hango rumfarsa. Yana zaune a kan benci da abokan aikinsa, yana ba da labari yana dariyar nan tasa. A hannunsa akwai ledar koko mai zafi, sai juya ta yake daga wannan hannu zuwa wancan, ya huda gefenta yana tsotsa. A kan teburin gyara, tsakanin wayoyin da aka farke, ga robar biki a buɗe, da ragowar tuwon jiya da aka ɗumama.

Dariyar ta maƙale masa. Ya tashi ya tare ta kafin ta ƙaraso.

"Rahi, tsaya ki ji."

"Tun yaushe?"

"Mma ce take ajiye mini a wajen mai shagon bakin titi, in ɗauka in zan wuce. Ya zan yi? Uwata ce." Ya rage murya. "Kuma ai likitar cewa ta yi zargi ne. Ke ma kin faɗa a gaban Baba."

"Na faɗa."

"To, kin gani. Ke dai kin cika ɗaukar abu da zafi."

Wani daga cikin abokan ya ɗaga murya, "Chale, abokina, madam ce? Madam, kin iya kiwo! Kullum kwano biyu yake ci, naki da na tsohuwa."

Rahinatu ta yi masa murmushi. Ta dubi robar, ta ga abin da ya rage na fuskarta a jiki, ido ɗaya da gefen gyale. Fuskar ango kuwa ba abin da ya same ta, domin ta wancan gefen ba a cika gogewa ba. Ta ajiye langar a kan teburin kusa da robar.

"Ga abincinka. In ka gama ka dawo mini da langata, ko fanko ce. Na saba."

"Za ki faɗa wa Mma maganar asibiti?" Ya tambaya da sauri.

"Na ce ba mai ji daga bakina. Ni in na faɗi magana ba na juye ta a wani kwano."

A trotro na komawa ta zauna kusa da taga, ba ta yi kuka ba, saboda akwai 'yan Maamobi biyu a kujerar baya. Da ta shiga gida ta tarar ana yi wa Anti Zenabu tsiya, wai na takwas yana hanya. Ta yi mata barka, ta shiga ɗakinta ta ɗora tukunyar ƙarfe a wuta.

Har yau Rahinatu ba ta ci a roba ba, ba ta kuma buɗe bakinta kan maganar asibiti ba. Ba ta samu ciki ba, kuma ba wanda zai iya ce mata robar ce ko ba ita ba ce. Abin da tsayuwar ta ci mata kuwa a fili yake. Surukar da take kiranta 'yata yanzu "matar Waris" take ce mata. Kwanon kowa ba ya zuwa ƙofarta. Unguwa tana kiranta juya mai girman kai. Mutumin da ta ɗauki duk wannan dominsa kuma, ta daina ganin girmansa.